An cire kansar, to me ya sa har yanzu wajen ke zugi?

Wannan laccar wata likita ce ta yi ta a taron mata na watan Oktoba, watan wayar da kai kan sankarar mama, ni kuma na kwafo daga rikodin ɗin wayata, inda hayaniya ta yi yawa na tsallake.

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Yau ba zancen gwaji zan yi ba, an yi muku shi da safe. Ni maganata a kan matar da ta riga ta gama komai ce, an yi tiyata, an yi kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa da ake ɗura wa mutum ta jijiyar jini, wata ma ta yi zaryar Zariya ko Sakkwato wajen gashin asibiti, wato ƙona kansar da hasken na'ura, kowa ya zo barka an watse, shekara ɗaya shekara biyu tana nan hammatarta na ci da wuta, in ta buɗe baki sai a ce haba Hajiya ki gode wa Allah mana ai an cire. To ta gode, kullum ma tana godewa, amma wajen na ciwo.

Bari ku ji abin da ke faruwa. Akwai wata jijiya da ta fito daga tsakanin haƙarƙari ta ratsa hammata ta sauka cikin dantse, ita ke kai saƙon taɓi daga fatar wajen zuwa ƙwaƙwalwa. Lokacin da likita ke kwashe ƙwayoyin kaluluwar hammata, don ta nan cutar ke fara bi, sau da yawa sai an ja jijiyar nan ko an yanke ta. Jijiyar da ta ji rauni kuwa kamar wayar lantarki ce da ta zare, saƙon ƙarya take ta aikawa, shi ya sa wata za ta ce min likita kamar an zuba min barkono, wata ta ce allura ake tsira min, wata kuma rigar mama kawai ko gefen hijabi ya goge ta sai ta zabura, alhali in kin danna wajen da yatsa ba ta ma ji. Har akwai mai jin ƙaiƙayi a nonon da babu shi, ta ji kunyar faɗa kar a ce ta zautu ko iska ce. Ba iska ba ce Inna, ƙwaƙwalwa ce ba ta daina lissafi da shi ba. In ciwo ya wuce wata 3 bayan aiki mu a asibiti ciwo ne mai zaman kansa, kuma aƙalla mace 1 cikin 5 da aka yi wa aikin na fama da shi.

Kemo ma na barin nasa, musamman paclitaxel da docetaxel, su yatsu da tafin ƙafa suke kamawa, mace ta kasa sa maɓalli ko zare a allura. Masu shan letrozole ko anastrozole, magungunan hana kansar dawowa, na shekara 5 kuwa ciwon gaɓoɓi ne, ki tashi da asuba kamar an ɗaure ki. Don Allah kar ki ajiye maganin da kanki, ki zo a canza miki wani.

Yauwa, ga inda nake so ku buɗe kunne, har da surukai da ke can baya. Mun saba in waje na ciwo a gasa shi da ruwan zafi, ko a kira wanzami ya yi ƙaho. Fatar nan fa ba ta jin zafi yadda ya kamata, za ta ƙone ba ki sani ba, in an yi mata gashin asibiti ma ta riga ta yi rauni ba ta warkewa da wuri. Hannun da aka kwashe wa kaluluwa kuma ruwa ba ya komawa sosai, shi ne kumburin da kuke gani har awarwaro ya matse, tsaga ɗaya ta isa ƙwayar cuta ta shiga hannu ya yi ja ya ɗau zafi, zazzaɓi ya rufe mutum. Ba ƙaho, ba sakiya a wannan hannun, na roƙe ku.

Magani fa? Farasitamol da su ibuprofen ba su cika taɓa ciwon jijiya ba, shi ya sa kike sha kamar gyaɗa ba canji. Akwai amitriptyline, gabapentin, duloxetine, su jijiyar suke lallashi, amma a hankali ake hawa da su, ana ɗaukar makonni kafin a ji daɗi, suna sa barci da jiri, likita ne zai tsara. Tiramol ɗin kemis ba ruwanki da shi, kun dai ga abin da ya yi wa yaranmu. Sai motsa kafaɗa, wanda ni a ganina shi aka fi rainawa, ki fuskanci bango ki dinga hawa da yatsu sama sannu sannu kullum, don in kika naɗe hannun kina tsoro kafaɗar ce za ta sandare ciwo ya zama biyu. Daka da surfe a bari tukuna, a koma musu kaɗan kaɗan. Fatar kuma a dinga shafa ta da auduga ko ƙyalle mai laushi tana sabawa da taɓi.

Wata baiwar Allah ta ɗaga hannu ta ce, likita, ya zan gane ba kansar ce ta dawo ba?

Yauwa Yaya, wannan tsoron shi ke hana yawancinku barci. Ciwon jijiya kin san halinsa, wuri ɗaya ne, salo ɗaya. Amma in kin ji sabon ƙullutu a kan tabon ko hammata ko saman ƙashin wuya, ko ciwon baya ko ƙashi da ke ƙaruwa yana tashin ki cikin dare, ko tari da haki da suka ƙi tafiya, ko rama ba dalili, kar ki jira ranar kilinik ɗinki, ki ɗauko katinki ki taho a satin. Wace ce kuma? Na ga hannu can wajen taga.