Malamai Biyu a Aji Ɗaya: Yadda Ake Haɗa Turanci da Tarihi a Sakandaren Amurka

Assalamu alaikum, masu kallo. Yau za mu leƙa wani aji a sakandaren Amurka. Da shigarku za ku ga malamai biyu tsaye gaban allo lokaci guda, ɗalibai kuma sun ninka na aji ɗaya, wani sa'in har su kai hamsin. Ɗaya malamar Turanci ce, ɗayan malamin tarihi. In aka kaɗa ƙararrawa babu mai tashi, domin darasi biyu ne aka haɗe, awa ɗaya da rabi ko fiye.

Makarantu da dama na kiran wannan darasi American Studies, wato nazarin Amurka. Galibi 'yan aji na 11 ake yi wa, masu shekara 16 zuwa 17, saboda a shekarar ce aka saba karanta tarihin Amurka a wani ɗaki, adabin Amurka a wani ɗakin. Sai malamai suka ce, tun da ƙasa ɗaya ake magana a kai, me ya sa za a raba hanya? A ƙarshen shekara ɗalibi yana samun makinsa na Turanci da na tarihi duka, ba ya asarar komai.

To yaya abin yake a aikace? Bari mu ɗauki mako guda.

Malamar Turanci ta raba wasan kwaikwayon The Crucible, wanda Arthur Miller ya fitar a 1953. Labarin garin Salem ne a Masacuset, inda a 1692 aka zargi mutum sama da 200 da maita, aka rataye 19, aka danne wani dattijo da duwatsu har ya cika. Ɗalibai suka karanta, jikinsu ya yi sanyi. Washegari malamin tarihi ya shigo da kwafen takardun shari'ar na ainihi, ya ce kowa ya gwada su da abin da ya karanta. Nan fa aji ya kaure. Yarinyar da ta jagoranci zargin, Abigail Williams, shekararta 17 a cikin wasan, alhali a zahiri ba ta wuce 11 ko 12 ba. John Proctor, wanda wasan ya ce sun yi soyayya da ita, dattijo ne mai kimanin shekara 60. Ashe marubucin ne ya ƙara wa yarinyar shekaru, ya ƙirƙiro soyayyar.

Wani yaro zai ɗaga hannu ya ce, ashe ƙarya ya yi mana? Wannan tambayar malaman biyu suke jira tun farko. Malamin tarihi zai mayar da su shekarun 1950, lokacin da Sanata Joseph McCarthy ke jifan mutane da zargin kwaminisanci, ana kiran 'yan fim da marubuta gaban kwamitin majalisa a ce su ambaci sunayen abokansu, wanda ya ƙi ya rasa aikinsa. Miller kansa an kira shi a 1956, ya ƙi ambatar kowa. Malamar Turanci kuma za ta ce su koma cikin wasan su nemo inda ake matsa wa mutum ya ambaci sunan wani don ya tsira. Sai yara su gane cewa Miller yana nuna Salem da yatsa ne, amma da mutanen zamaninsa yake. Abin da ya fi burge ni ke nan a tsarin. Yaro ya koyi tambayar wa ya rubuta wannan, yaushe, kuma da wa yake. Wanda ya iya wannan tambaya yana ɗan shekara 16, da wuya saƙon WhatsApp ya yi awon gaba da shi.

Tunanin ba na yau ba ne. Daga 1933 zuwa 1941 an yi wani gwaji a Amurka da ake kira Nazarin Shekara Takwas. An bai wa sakandare kusan 30 'yancin sauya manhajarsu, da yawansu suka haɗe Turanci da ilimin zamantakewa, jami'o'i kuma suka yarda su karɓi ɗalibansu ba tare da sharuɗɗan da aka saba ba. Da aka bi sawun ɗalibai 1,475 aka gwada kowanne da takwaransa daga makarantar da ba ta sauya ba, an tarar ba su gaza ba, har sun ɗan yi fice. Sai dai sakamakon ya fito a 1942, hankalin duniya na kan yaƙi, bai samu kulawar da ta dace ba.

Kada ku ɗauka abin ba wahala. Jarrabawa har yanzu daban-daban ake yin ta, malamin tarihi na da zamunna da yawa da dole ya kammala, ita kuwa malamar Turanci tana son a zauna kan littafi ɗaya mako uku. In ba a yi hattara ba sai ɗaya ya haɗiye ɗaya, littafi ya koma hoton da ake ƙawata darasin tarihi da shi, a manta da koyar da rubutu. Maganin abin shi ne makaranta ta ware wa malaman biyu lokaci a cikin jadawali su zauna su tsara darasi tare, su duba rubutun yara tare. Wannan kuwa kuɗi ne, shi ya sa ba kowace makaranta ke iyawa ba.

Akwai inda abin ya taɓo mu. A irin wannan darasi na 'yan aji na 10, inda ake haɗa tarihin duniya da adabinta, sau da yawa Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958, shi ake karantawa in an zo kan mulkin mallaka, a ajiye shi gefe da taron Balin na 1884 inda Turawa suka tsara rabon Afirka. Ɗalibinmu na babbar sakandare da ke shirin WAEC kuwa, adabinsa na hannun wani malami, tarihi ko gwamnati na hannun wani, kuma mai yiwuwa ne malaman biyu tebur ɗaya suke zama a ɗakin malamai ba su taɓa tambayar juna inda kowa ya kai a wannan zangon ba.