Wanda Ya Cika Arba'in, Shi Ne Da Bayarwa

Laccar da aka gabatar a Jos, an rubuto ta daga naɗin murya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu maza da mata, malamai, 'yan'uwa, sannunku da zuwa, sannunku da sanyi.

Na san malamai da yawa ba su yarda da bikin zagayowar ranar haihuwa ba, kuma ban zo yin fatawa ba. Amma duk wanda Allah Ya kai shi shekara 40 ko 60, ko ya yanka kek ko bai yanka ba, ya isa inda zai tsaya ya yi lissafi. Alƙur'ani ya ambaci arba'in a Suratul Ahƙaf, aya ta 15, inda bawa yake roƙon Allah Ya kimsa masa godiyar ni'imar da Ya yi masa shi da iyayensa, Ya ba shi ikon aiki nagari, Ya shirya masa zuriya. A arba'in aka aiko Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Bukhari kuma ya ruwaito cewa wanda aka jinkirta wa har sittin, an yanke masa hanzari.

To, ya muke godiyar? A kama ɗakin taro, a fitar da anko, a ɗauko mai kiɗa, a yi ta liƙi ana tattake naira, abin da dokar Babban Banki ta 2007 ma ta hana. Mai shekarun ya zauna ana jibga masa turare da shadda, alhali akwatinsa ya ƙi rufuwa. Ni dai ina ganin a wannan rana shi ne da bayarwa.

Mu da ke Jos ba sai an yi mana bayanin Disamba da Janairu ba. Ka shiga Gangare ko Unguwar Rogo bayan sallar asuba, ka dubi almajirai sun kewaye wutar kwali, hannuwa a hammata, ƙafafu duk faso har da jini. Kuɗin ɗakin taron nan, in ka kai su Kasuwar Katako, za su sayi rigunan sanyi na gwanjo da barguna da man shafawa. Sai dai ka fara zuwa wurin malamin tsangayar, ka gaishe shi, ka ce, "Alaramma, me yaran nan suka fi buƙata?" Wataƙila ya ce maka bargo akwai, ƙyauren ɗakin ne ya ɓalle, iska na kwana a kansu. Kyautar da ba a yi tambaya kafinta ba, sau da yawa zuciyar mai bayarwa kawai take faranta wa.

Wanda ba shi da kuɗi, yana da jini. Mai arba'in da lafiyarsa zai iya zuwa asibitin koyarwa na Lamingo ko na kusa da shi, a gwada shi, a ɗebi leda ɗaya, wajen mililita 450. Mai naƙudar da jini ya ɓalle mata tana jira, yaro mai sikila ma haka.

Masu hali kuwa, ku tuna Sa'ad ɗan Ubada ya tambayi Manzon Allah wace sadaka ce ta fi, ya ce masa shayar da ruwa, kuma Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi. Amma don Allah, Alhaji, in ka haƙa rijiyar burtsatse, ka ware kuɗin gyara, ka damƙa ta hannun mai unguwa da mutanen da za su kula. Nawa muka gani da sunan mai ita ɓaro-ɓaro a allo, famfon kuwa ya mutu tun bara?

Wannan ya kawo ni kan waya. Abin nan yana ci mini rai ƙwarai. A tsayar da tsohuwa sa'ar mahaifiyarka, a ɗora mata buhun shinkafa, a ce ta ɗago kai a ɗauki hoto, kafin magariba tana Facebook. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa. Ku bar wayar a aljihu.

Kuma a fara da gida. Sadaka ga ɗan'uwa lada biyu ce, ta sadaka da ta zumunci. Kafin ka tsallaka wata unguwa, Hajiya, Alhaji, ku bincika ko akwai gwaggon da kuɗin haya ya sha mata kai, ko ɗan ƙanin da aka koro daga makaranta, kunya ta hana uwarsa faɗa. A aika cikin dare, ta hannun wanda bakinsa ke da nauyi.

Na ga an miƙo takardun tambayoyi. Bari mu fara da ɓangaren mata.