Rigakafin manya: wace allura, sau nawa, kuma ina ake samun cikas?

Jama'a, assalamu alaikum. Ranar rigakafi a asibitin unguwa, ko a Tudun Wada ko a Sabon Gari, layin duk mata ne da goyo. Magidanci kuwa rabonsa da allurar rigakafi tun yana yaro, in ma an yi masa. Wannan giɓin ake son cikewa idan aka ce rigakafin gwamnati ya haɗa da manya.

Mu fara da ciwon hanta nau'in B. Sai a 2004 allurarsa ta shiga jerin rigakafin jarirai a Najeriya, don haka yawancin waɗanda aka haifa kafin nan ba su samu ba. Cutar tana bin jini da saduwa, har da askar wanzami ko rezar da aka yi wa mutum biyu aiki da ita. Takan yi shekaru shiru a jiki tana cin hanta. Gwajin jini ake fara yi, domin wanda ya riga ya kamu allurar ba za ta warkar da shi ba, likita zai gani. Wanda ba ya ɗauke da ita allura uku zai karɓa: yau, bayan wata 1, sai ta ƙarshe wata 6 daga ta farko. A damtse ake yi, domin kitsen ɗuwawu yana rage mata ƙarfi.

A nan ake tafka asara. Mutum ya karɓi ta farko, ya jefar da kati, shi ke nan. Allura ɗaya ba ta isa kariya ba. Wanda ya makara ba a sake masa daga farko, daga inda ya tsaya ake ɗorawa, shi ya sa katin yake da daraja.

Allurar Td tana kare sarƙe-haƙora da mashaƙo, wanda ya yi ɓarna a Kano da maƙwabtanta tun ƙarshen 2022. Masu juna biyu sun san ta daga awon ciki: biyar ce, ta biyu bayan mako 4, ta uku bayan wata 6, sauran biyun shekara-shekara. Amma manomi da bakanike da maƙeri, masu yankewa kullum, ba kasafai ake kiransu ba. Allurar zazzaɓin shawara kuwa guda ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Maniyyata kuma dole su karɓi ta sanƙarau aƙalla kwana 10 kafin shiga Saudiyya.

Sai batun sanyi. Maganin yana son digiri 2 zuwa 8, ga zafin bazara a Zariya, ga ɗauke wuta. Ku dubi tambarin jikin kwalbar: idan murabba'in tsakiya ya yi duhu kamar da'irar da ke kewaye da shi, zafi ya lalata ta. Daskarewa ma tana kashe ta hanta da Td, saboda haka ba a jingina su da ƙanƙara kai tsaye. Ta shawara in an haɗa ta da ruwanta, bayan awa 6 zubarwa ake yi.

A ganinmu babban cikas shi ne lokaci. Ɗan kasuwa ba zai rufe shago da hantsi ya bi layi ba. Sai an kai allurar tasha da kasuwa da ƙofar masallaci ranar Juma'a, a rubuta lambar wayar kowa, sannan a kira shi idan ranar ta biyu ta zo.