Rumbun Gida da Rumbun Tarayya: Kwashe Faifan VM a Kilawud

Lacca ga matasa masu koyon kwamfuta a wani ƙauye kusa da Ringim, an rubuto ta daga rikodin.

Assalamu alaikum. Ƙannena na baya ku matso, janareto ya cika ƙara.

Kilawud ɗin nan da kuke ji, sabobi ne, wato manyan kwamfutoci masu yi wa wasu hidima, jere a ɗaki mai sanyi. Cikin saba guda ana tayar da kwamfutoci da yawa waɗanda ba su da gangar jiki, su ake kira VM. Faifan kowace VM sau da yawa fayil ne kawai, galibi nau'in da ake kira qcow2 in da KVM ake aiki, wato manhajar tayar da VM a Linux. To, ina za a ajiye shi?

Ko dai a rumbun gida, wato faifan da ke cikin sabar, ko a rumbun tarayya irin tsarin ajiya na NFS da Ceph, wanda duk sabobin ke ɗiba ta netwok. Na gida ya fi sauri, hatsi ne a tsakar gidanka. Amma ran da sabar ta mutu, hatsin na ciki. Ceph kuwa, a tsarinsa na asali, kwafi 3 yake ajiyewa a wurare daban-daban. Kuma in faifai na rumbun tarayya, mayar da VM wata saba abu ne mai sauƙi, abin da ke RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta wucin gadi, kaɗai zai yi tafiya.

Wahalar tana wajen kwashe faifan kansa alhali VM na kunne. Kamar kwashe rumbu ne alhali ana ɗiba ana zubawa. QEMU, manhajar da ke gudanar da VM ɗin tare da KVM, yakan fara kwafa tun daga farko, duk gurbin da aka sake rubutawa ya yi masa alama ya dawo kansa, har ɓangarorin biyu su zo daidai, sannan ya juya VM zuwa sabon wuri. In VM na rubutu fiye da yadda layin ke kwashewa, sai a yi ta bi ba a cimmawa. Shi ya sa ni da dare nake wannan aiki, lokacin da masu amfani suka kwanta.

Ku yi lissafi. Layin gigabit 1 bai wuce megabait 125 a daƙiƙa ba. Faifan gigabait 100 zai ci aƙalla minti 13, in babu mai tare hanya.

Akwai abin da ya taɓa cin mini tuwo a ƙwarya. Fayil ɗin qcow2 yana iya nuna gigabait 20 alhali an yanka masa 100, domin yana girma ne yayin da ake zuba masa bayanai. Na duba 20 ɗin, na tura shi ƙaramin faifan gida, wata biyu ya kumbura ya cika wurin, VM ta tsaya cak. Har yau abin na damuna, domin aikin mutane ne ya tsaya.

Don Allah, kafin ku taɓa komai ku ɗauki kwafin ajiya, ku auna wuri da cikakken girman faifan. Bayan an juya, a bar tsohon faifan ya kwana biyu, ku shiga VM ku buɗe fayiloli da idonku kafin a goge shi.

Malama, na ga hannunki a sama, bismillah.