Ruwan sama ya ragu, ƙorama ta ƙaru: laccar da aka gabatar a Damagaram

(An kwafo ta daga faifan murya, an taƙaita gaisuwa.)

Assalamu alaikum. Iyayena dattawa, malamaina, ƙannena ɗalibai, barkanmu da yamma.

Akwai tambayar da nake yi wa ɗalibai kowace shekara, kuma kowace shekara sai ta kayar da su. Idan ruwan sama ya ragu, me zai sami kogi? Sai su ce, Malam, ai raguwa zai yi. To, ko yaro haka zai ce. Amma abin da aka auna a ƙasarmu bai bi wannan lissafi ba.

Dattawan da ke nan sun ga daminun shekarun 1950, masu albarka. Daga wajen 1968 sama ta fara riƙewa, aka sha farin 1973, aka sha na 1984. Ruwan yankin Sahel ya ragu da kusan kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Manyan ruwaye kuwa sun ji jiki. A watan Yunin 1985 kogin Isa, wato kogin Neja, ya daina gudu a Yamai, mutane suna ƙetarewa da ƙafa. Tabkin Chadi, wanda ya kai murabba'in kilomita dubu 25 a farkon shekarun 1960, ya tsuke har bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Zuwa nan ɗalibaina suna da gaskiya.

Sai a 1987 wani Bafaranshe masanin ruwa, Jean Albergel, ya duba ƙananan rafuka na Burkina Faso, ya tarar da abin mamaki: ruwan sama ya ragu, amma ruwan da ke kwarara a rafukan ya fi na da. Daga baya aka ga haka a Sirba da Dargol da Gorouol, masu zuba a kogin Isa sama da Yamai.

Wanda ya zauna Yamai ya san kogin yana cika sau biyu. Akwai ruwan Gini, wanda yake tahowa a hankali, ya bazu a fadamun Masina na Mali, sai wajen Disamba ko Janairu ya iso. Akwai kuma jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda waɗannan rafuka uku suke kawowa. A da ruwan Gini ne babba. Yanzu jan ruwan ne ake tsoro, shi ya ci unguwanni a 2012, shi ya kai kogin mita 7 a Satumbar 2020. Jan da kuke gani kuwa ƙasar gonakin mutane ce take tafiya.

Me ya kawo haka? Amsar tana ƙarƙashin ƙafarmu, kuma manomi ya riga mai digiri saninta, sunanta fako.

Ku ɗauki saura, gonar da aka bari ta huta. Akwai sabara da kalgo da ciyawa, akwai ganye a ƙasa, gara ta huda ko'ina. Ɗigon ruwa in ya faɗo, ganye ya tare shi, ciyawa ta riƙe shi, ramin gara ya shanye shi. To a share wannan wuri, a sare itacen a kai kasuwa, a kwashe kara bayan girbi, dabbobi su tattake. Ɗigo zai daki ƙasa tsirara, ya farfasa ta, laka mai laushi ta toshe ƙofofinta, rana ta gasa. Sai a sami ɓawo a sama, kaurinsa bai fi farce ba, amma ruwa yana bi ta kansa kamar a kan siminti. Fari ya kashe itatuwa, gaskiya ne, amma mu ma mun yi namu. Lokacin samun 'yancin kai a 1960 mutanen Nijar kimanin miliyan 3 ne, yau mun haura miliyan 25. Wa ke da gonar da zai bari ta huta shekara bakwai? Ni ba na ganin laifin manomi, ciki ne ya sa.

Yanzu ruwan ya fara dawowa tun shekarun 1990, sai dai ba yadda ya tafi ya dawo ba. Wani bincike da aka buga a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna manyan hadura masu tsananin ƙarfi sun ninka sau uku a Sahel tun 1982. Ruwan da ya kamata a yi cikin mako biyu sai ya sauka dare ɗaya, a kan ƙasar da ta manta yadda ake sha.

Mu dawo gida. Damagaram ba ta da kogi, to ina ruwanmu? Kun san garin nan a kan dutse yake zaune, ga su nan muna gani a Birni. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Turawa suka ɗauke babban birni zuwa Yamai a 1926, har yau kuma ruwan pamponmu daga nesa ake jawo shi, su Gogo da Machaya da Aroungouza. Ga shi kuma a Satumbar 2024 ruwa ya rushe tsohon masallacin Birni, ginin tsakiyar ƙarni na 19. Garin da ake layin jarka, shi ne garin da ruwa yake rushe wa gidaje. Ina yaro akwai wani kwari bayan gidanmu da muke kamun kwaɗi, yau gidaje ne a wurin. Ruwan bai san an sayar da filin ba, duk damina sai ya zo neman wurinsa.

Kada in bar ku da cewa kome lalacewa yake yi. A kewayen Yamai an auna rijiyoyi, aka ga ruwan ƙarƙashin ƙasa ya tashi wajen mita 4 tun shekarun 1960, domin ruwan da ya gudu daga fako yana taruwa a tabkuna, daga can ya nutse. Gona ta yi asara, rijiya ta ci riba. Sannan ba kowace raguwa ce ta sama ba: mutanen Maradi za su gaya muku yadda Gulbi ya zama bayan an gina madatsar Jibiya a Katsina.

A kudancinmu kuwa, Magarya da Matamaye da Mirya, inda Korama take bi, manoma sun mayar da gawo gonakinsu ta hanyar sassaben zamani, wato a bar tohon kututture ya girma maimakon a ƙone shi. Gawo yana zubar da ganye da damina, bai hana hatsi rana, ga taki kyauta. Ƙasar can jigawa ce, dama tana shan ruwa, shi ya sa ba na son a ɗauki labarin Sirba a ɗora mata kai tsaye.

Na ga Baba yana ɗaga hannu. Na'am, Baba?

(Wani dattijo ya tambaya ko fako yana warkewa.)

Yana warkewa, Baba, ku kuka koya mana ma. A shimfiɗa masa kara da rassa da rani, gara za ta zo ci, ta huda ɓawon. Ko a haƙa tassa, wato ƙananan ramuka, a zuba taki, ko rami mai siffar rabin wata a kan gangare. Matsalar ita ce karan nan shi ne abincin tumaki, shi ne danga, shi ne makamashin tuwo. Sai mai gida da uwar gida sun zauna sun raba shi tun kafin a kwaso shi daga gona.