Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Tsaro a Ziyararsa Gidan Tarihin Rundunar Sojin Sama

Mai girma Minista, ranka ya daɗe. Manyan hafsoshi, iyayenmu tsofaffin matuƙa da makanikai, assalamu alaikum.

A madadin kwamitin kula da wannan gida, muna yi maka barka da zuwa. Aikinka ga tsaron ƙasa sananne ne, don haka ba za mu ɓata maka lokaci da yabo ba. Buƙatarmu ɗaya ce: rumfar jirage mai rufi da ƙofa, wato hanga.

Jiragen da ka zaga ka gani ba tarkace ba ne. Ga L-29 Delfin, ƙirar Cekosulobakiya, wanda ya fara tashi a 1959, aka ƙera fiye da 3,000, a cikinsa matuƙa da dama suka fara sanin jet. Ga MiG-17 da MiG-21 na Tarayyar Sobiyet, ga Dornier 27 na Jamus, ga Alpha Jet da Faransa da Jamus suka haɗa hannu suka ƙera, ga babbansu C-130 Hercules. Da ba don tsofaffin makanikan nan da ke zaune gabanka sun tsaya kai da fata ba, da tuni 'yan gwangwan sun auna su a sikeli. Amma har yau a fili suke, rana ta doke su, ruwa ya doke su. Amurka ta soma nata gidan tun 1923, yau a Dayton akwai jirage da makamai masu linzami sama da 350, galibinsu a ƙarƙashin rufi. Ingila ta buɗe nata a Hendon a 1972. Mu kuwa, baƙi ne ke zuwa su yaba, su ɗauki hoto, su tafi.

Ranka ya daɗe, ga abin da zaman fili ke yi wa jirgi. Jikinsa alminiyom ne, amma akwai ƙusoshi da notuna na ƙarfe. Duk inda biyun suka haɗu, danshi ya shiga tsakani, alminiyom ɗin ne ke cinyewa, sai ka ga farin gari kamar toka fenti ya kumbura a kansa. Sassan magniziyam, irin na wilin taya, sun fi saurin lalacewa. A ƙasan cikin jirgi akwai 'yan ramukan tsiyayar ruwa; ƙura na toshe su, ruwa ya kwanta, ɓarna ta taso daga ciki inda ido ba ya kai. Gilashin da ke rufe matuƙi roba ce mai ƙarfi, hasken rana ke tsattsaga ta har ta yi hazo, kuma masana'antar da ta yi na MiG-17 ta daɗe da dainawa. Tsuntsaye kuwa sheƙa suke yi a bakin injin, kashinsu yana cin fenti.

Abin da ke hannunmu mun yi. An tsiyaye mai da ruwan haidurolik, an toshe bakin injin da wutsiyarsa, an ɗora jiragen a kan jak don nauyi ya bar tayoyi. An cire harsasan kujerar da ke cilla matuƙi waje, domin ko ta tsufa tana iya tashi. Tsofaffin agogunan gaban matuƙi da aka shafa wa radiyam, wani sinadari mai cutarwa, don su yi haske da dare an keɓe su, ba a barin yara su taɓa. Inda tsatsa ta kama, a goge har a kai lafiyayyen ƙarfe, a shafa firaima, wato shafin farko, sannan fenti. Sai dai damina ɗaya ko biyu, aikin ya koma baya. Ba hanga, aikin baban giwa muke yi.

Girman ginin Hercules ne zai yanke shi: faɗin fukafukansa ya ɗan haura mita 40, tsayin jelarsa ya kusa mita 12, saboda haka ƙofa sai ta wuce wannan. Ƙananan ba su da wahala, faɗin fukafukan MiG-21 mita 7 ne da ɗoriya, uku ko huɗu za su fake a gefen Hercules. Ana son daɓen kankare mai ɗaukar nauyi, da mashigar iska, da raga ta hana tsuntsu.

Akwai maganar kabad na adana littattafan tashi da hotuna, amma wannan za ta iya jira. Hangar ce ba za ta jira ba. Zanen ginin da ƙiyasin kuɗinsa suna cikin fayil ɗin da shugaban kwamiti zai miƙa maka yanzu, muna roƙon ka sa shi cikin kasafin bana, a aza harsashi kafin ruwa ya sauka.

Allah ya ƙara girma, ya mai da kai gida lafiya.