Sanda Ba Ta Sa Kare Gudu: Lacca Kan Koya Wa Kare Tsallake Shingaye

An ɗauko wannan lacca daga faifan murya. An gabatar da ita ne gaban masu kiwon karnuka, da maharba, da ɗaliban likitancin dabbobi. Maimaici kawai aka rage.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, iyayenmu maharba da ke zaune a sahun gaba, ƙannena ɗalibai, barkanku da war haka.

An ce in yi magana kan wani wasa da yawancinmu a waya muka san shi. Za ka ga mutum yana gudu a fili, karensa na gefe ba igiya a wuya, ya tsallake nan, ya kutsa can, ya hau katako ya sauko, kafin ka gyara zama an gama. Turawa suna ce masa ajiliti. Wasansu ne, can aka haife shi, can yake da alƙalai da dokoki. Amma horar da kare ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Suratul Ma'ida aya ta 4 ma an ambaci dabbobin farauta da aka koya wa aiki. Saboda haka ku saurara da kunnen masu sana'a, ku ɗauki abin da zai yi muku amfani.

Asalin wasan abin dariya ne. A 1978, a babban bikin nunin karnuka na Ingila mai suna Crufts, akwai wani ɗan lokaci da fili yake zama wayam tsakanin gasa da gasa, 'yan kallo suna ta hamma. Aka ɗora wa wani mutum, John Varley, ya nemo abin da zai ɗebe musu kewa. Shi kuwa ya san wasan tsallen dawaki, sai ya ce me zai hana a gwada da karnuka? Ya nemi wani gwanin horar da karnuka, Peter Meanwell, suka haɗa shingaye. Abin da aka kawo don cike gurbi, shi mutane suka koma gida suna labari. A 1980 ƙungiyar masu karnuka ta Ingila ta amince da shi a matsayin gasa. A 1996 aka yi gasar duniya ta farko a Suwizalan, ƙarƙashin hukumar karnuka ta duniya, FCI, mai hedikwata a Beljiyam.

To, me ake yi a filin? A dokar wannan hukuma, alƙali yana jera shingaye 15 zuwa 22, ya sa musu lamba. Kullum jerin sabo ne. Ana barin masu karnuka su shiga su zaga na 'yan mintoci su haddace hanya, amma kare ba ya shiga, bai san komai ba sai an saki. Ba igiya, ba abinci a hannu, ba ka taɓa kare, ba ka taɓa shinge. In ya kayar da sandar tsalle, maki 5 na laifi. In ya zo gaban shinge ya ƙi, maki 5. In ya bi shingen da ba shi ne na gaba ba, an fitar da ku. Gwanayen karnuka suna gama duka cikin daƙiƙa talatin zuwa arba'in.

Ku riƙe wannan, don a kansa sauran maganata take: agogo ake bi. Kuma ga abin da nake so in bar muku yau. Da sanda kana iya sa kare ya zauna. Da sanda kana iya sa shi ya daina shiga ɗaki. Amma da sanda ba ka iya sa shi sauri. Karen da yake tsoron kuskure yana tafiya yana waiwayen fuskarka, yana rage gudu gaban kowane shinge don ya tabbatar ba duka ne zai biyo baya ba. Wannan waiwayen kaɗai ya cinye masa gasa. Shi ya sa masu wannan wasa suka rungumi horo da lada. Ba tausayi kawai ya kai su ba, agogo ne ya tilasta musu.

Yaya ladan yake aiki? Masana halayyar dabbobi, tun daga B. F. Skinner na Amurka, sun nuna cewa dabba tana maimaita abin da ya jawo mata daɗi. Wannan kowa ya sani. Inda ake faɗuwa shi ne lokaci. Kare yana haɗa lada da abin da yake yi a daidai ƙiftawar da ladan ya zo. In ya zauna, ka tsaya lalube a aljihu, ya miƙe, sannan ka ba shi, to miƙewa ka biya, ba zama ba. Maganin wannan shi ne alama. Turawa suna amfani da wani ɗan ƙarfe da ake dannawa ya yi ƙara “ƙas”. Wata mata, Karen Pryor, wadda ta fara da horar da dabbobin teku, ita ta yaɗa shi a tsakanin masu karnuka. Kai ba sai ka saya ba. Zaɓi kalma ɗaya gajera, ka ce “yauwa”. Ka ce yauwa, ka ba da nama. Ka ce yauwa, ka ba da nama. Bayan kwana kaɗan kalmar ta zama alkawari a kunnensa: abin da ka yi yanzu-yanzu shi ne daidai, lada na tafe. Daga nan kana iya yabon ƙafar da ta taka wuri, ko kare yana nesa da kai taku goma.

Af, kafin in manta. Kada wanda ya ce na ce a ba kare tsire ko kilishi. Albasa da tafarnuwa suna lalata jan jinin kare. Dafaffen nama ko hanta ba gishiri ba yaji, a yayyanka ƙanana kamar ƙwayar wake. Wani karen ma ya fi son a ja tsumma da shi ko a jefa masa ƙwallo. In haka ne, wannan ne ladansa.

Yanzu shekaru. Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya ne a wajen ladabi: kwikwiyo ya koyi zuwa in an kira, ya koyi tsayawa har a sake shi, ya koyi bin hannun dama da na hagu. Amma ba a tsalle ba. Ƙarshen ƙasusuwan kwikwiyo guringuntsi ne, a nan ƙashi yake tsawo, kuma bai gama ƙwari ba sai wajen shekara ɗaya, a manyan karnuka har shekara ɗaya da rabi. Shi ya sa a Ingila da gasar FCI ba a karɓar kare sai ya cika wata 18. Ku ɗaliban likita za ku ga irin waɗannan karnuka a asibiti, kare ɗan shekara uku yana ɗingishi don maigidansa ya yi gaggawar nuna shi a bidiyo yana ɗan wata biyar.

Abin da za ka yi a wannan jiran yana da yawa. Kare yana ɗora kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyinsa a ƙafafun gaba, na baya kuwa binsa kawai suke yi, bai cika sanin inda suke sauka ba. Kwantar da tsani a ƙasa, ka sa shi ya taka tsakanin matakan a hankali. Koya masa ja da baya. Samo faffaɗan katako ka sa ɗan dutse a ƙarƙashi yadda zai riƙa motsi, ka biya shi duk sanda ya ɗora ƙafa. Wannan wasan yara ne a ido, amma shi ne harsashin komai.

Shingen farko da nake so a fara da shi bututu ne, wanda ake yi da leda mai kauri. A takure shi ya zama gajere, yadda kare zai hango haske da fuskarka a ɗaya bakin. Wani ya riƙe shi, kai ka kira. Kada a tura shi ciki, ko sau ɗaya. Sai a riƙa ƙara tsawo, daga baya a lanƙwasa. Yawancin karnuka cikin kwana biyu sun kamu da son bututu, har ya zama matsalar ita ce hana su shiga in ba a ce ba. Tsalle kuma a fara da sanda a ƙasa, a ɗaga kaɗan-kaɗan. Ko a gasa, babban kare santimita 55 zuwa 60 yake tsallakewa, ƙarami 25 zuwa 30. Sandar dole ta zama wadda take faɗuwa da an taɓa ta. Kada ka ɗaure ta, kada ka yi da ƙarfe.

Sai katakai uku da ake hawa. Akwai tudu, katako biyu da aka jingina ƙeya da ƙeya, tsininsa mita 1.7. Akwai gada, siririya, faɗinta santimita 30, tsayinta daga ƙasa ya ɗan wuce mita ɗaya. Akwai lilo, wanda kare yake hawa ya rinjaye shi da nauyinsa. Dukansu an shafa wa ƙarshensu fenti na daban, kuma dole ƙafar kare ta taɓa wurin fentin, in ba haka ba maki 5. An yi dokar ne don kada kare mai zumuɗi ya diro daga sama ya ji ciwo. Hanyar da ta fi sauƙi ga mai koyo ita ce ka koya masa tsayawa a ƙarshen katako, ƙafa biyu na gaba a ƙasa, biyu na baya a kan katako, har sai ka sake shi. Kuma daga ƙarshe ake farawa. Katako yana kwance a ƙasa, ka koya masa wurin tsayawar, sannan ka ja da shi baya taku ɗaya, taku biyu, har ya zama duk tsawon katakon gudu yake yi zuwa wurin da ya riga ya sani.

Lilo shi ne mai karya zuciyar kare. Yana motsi a ƙarƙashin ƙafa, sannan ya bugi ƙasa da ƙara. Kare ɗaya ya tsorata sau ɗaya, sai ka yi wata uku kana lallashi. Dabarar ita ce ka raba ƙarar da hawan. Ka tokare lilon yadda bakinsa zai rage yatsa biyu ya taɓa ƙasa, kare ya taka da ƙafa, ya ji “gau” ƙarama, ka ce yauwa. Ya gane shi ne yake yin ƙarar, kuma ƙarar tana kawo nama. In ka ga kare yana neman lilo da kansa don ya buga, to ka ci rabin yaƙi.

Mafi wuya su ne sandunan saƙa. Sanda 12 a tsaye a layi ɗaya, tsakanin kowace biyu santimita 60, kare yana ratsa su dama da hagu. Dole ya shiga sandar farko tana kafaɗarsa ta hagu, ta ko'ina ya ɓullo. Babu abin da ya yi kama da wannan a rayuwar kare, ba ya yinsa a daji, ba ya yinsa a gida. Wasu suna raba sandunan layi biyu su bar lungu a tsakiya, kare ya bi a guje, sannan a riƙa matse lungun har ya zama layi ɗaya. Wata mai horo 'yar Kanada, Susan Garrett, ta shahara da farawa da sanda biyu kacal, sai kare ya ƙware a shiga sannan a ƙara biyu. Duka suna aiki. Wanda ba na so shi ne jan kare da nama a hanci tsakanin sanduna, don hannunka yake koya, ba sanduna ba. Ranar da ka janye hannu sai ya tsaya yana kallonka.

Kun ga duk wannan? Shi ne mai sauƙin. Kare yana koyon shingaye cikin watanni. Mai karen ne yake ɗaukar shekaru. Domin a fili, kare ba bakinka ya fi saurare ba, jikinka yake karantawa: inda kafaɗarka ta fuskanta, inda ƙafarka ta nufa, ko ka ƙara gudu ko ka rage. Ka ce “bututu” da baki, ƙirjinka yana kallon tsalle, tsallen zai bi, kuma shi ne da gaskiya. Sannan dole umarni ya riga shi. Tun kafin ya tashi sama a wannan shinge ya kamata ya san inda zai juya in ya sauka. Mai ba da umarni a makare kamar ɗan acaɓa ne da yake sa sigina bayan ya sha kwana. Kare yana cikin iska ka daka masa tsawa, sai ya murɗa jiki, ya kayar da sanda ko ya gurɗe kafaɗa. Saboda haka in kare ya yi kuskure, kafin ka ce taurin kai gare shi, sa wani ya ɗauke ku a waya, ka kalli kanka, ba shi ba.

A nan wajenmu sai an kula da zafi. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jiki. A yi horo bayan asuba ko dab da magariba, minti biyar zuwa goma, a tsaya tun yana so a ci gaba. Ba a kan siminti ba, ba a kan tayil ba. Ƙasa mai laushi da aka share ƙaya da kwalba. Allurar haukar kare kuwa ba a ma maganarta, wajibi ce kafin a haɗa karnuka wuri ɗaya.

Na ga Baba Sarkin Baka ya ɗaga hannu. Bismillah, ranka ya daɗe.

Baba yana tambaya ne ko karnukanmu na gida za su iya, ko sai irin na Turawa. Ranka ya daɗe, gaskiya a manyan gasa wanda ya fi cin kofi shi ne bodakoli, karen kiwon tumaki na iyakar Ingila da Sikotilan, don an ɗauki zamani ana zaɓar irinsa a kan aiki da kallon makiyayi daga nesa. Amma gasa da yawa suna karɓar kare ko ba shi da takardar asali. Karen farautarku kuwa ba shi da nauyi, ƙafa doguwa, ya saba da rana. Tsalle da gudu ba za su ba shi wahala ba. Inda za ku sha aiki shi ne hankalinsa: an saba masa ya ga abu ya bi da kansa, nan kuwa ana so ya bar zomo ya kalli kafaɗarku. Ku fara da shi a cikin gida inda ba kaza ba akuya, kafin ya ci abincin safe, kira da lada kawai har sati biyu. In kuka kira sau ɗaya ya baro abin da yake shinshina ya taho a guje, sannan a fito da bututu.